Wane allo ya dace da tsofaffin gem ɗin jefa sulalla a gida?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina shirin haɗa wurin buga tsofaffin gem ɗin akwatin jefa sulalla: Pac-Man, Galaga, Street Fighter II, Metal Slug da Mortal Kombat. Batun sanda da maɓallai na gane kansa, allon ne ya tsaya mini a rai. Wasu sun ce in ba talabijin mai ƙeya ba to ɓata lokaci ne, wasu sun ce kowace monita ta zamani ta wadatar. Kwamfuta zan yi amfani da ita da MAME, manhajar da ke kwaikwayon waɗannan akwatunan, a kan tebur, ba akwati zan ƙera ba. A taimaka da shawara.

Baba Mai Dalma:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka kyauta da ka jero gem ɗin, domin amsar tana cikinsu. Biyar ka ambata, amma ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Pac-Man na 1980 da Galaga na 1981 allonsu a tsaye yake, hotonsu 224 a faɗi, 288 a tsayi. Street Fighter II da Metal Slug a kwance suke, layi 224. Mortal Kombat shi ma a kwance, amma layinsa 254 ne, kuma saurin hotonsa bai kai 55 a daƙiƙa ba. Duk allon da za a ba ka shawara, ka auna shi da waɗannan ukun: tsayuwa, yawan layi, da sauri. Wanda ya ce maka "sayi kaza" bai tambaye ka gem ɗinka ba, son ransa ya faɗa maka.

Injiniya Mairo:
Bari in ɗora a kan maganar Baba, don a san me ake ta jayayya a kai.

Yawancin akwatunan wancan zamanin suna fitar da hoto mai layi wajen 15,700 a daƙiƙa, shi ne ake cewa 15kHz. Daidai yake da na tsohuwar talabijin. Bambancin shi ne tashar talabijin tana raba hoto gida biyu, ta zana layukan mara sannan na cika, suna cike gurbin juna. Gem kuwa kullum a kan layuka ɗaya yake zanawa, sai tsakaninsu ya zauna da duhu. Wannan shi ne 240p, kuma waɗancan siraran layukan baƙi da ake so daga nan suka fito. Masu zana gem ɗin a irin wannan allon suka yi aikinsu, shi ya sa inuwa da launin fata suke narkewa da kyau a kwalba, wato allon mai ƙeya, amma a shafaffen allo su fito kamar an jera bulo.

Talabijin ta zamani in ta karɓi wannan siginar, sau da yawa sai ta ɗauke ta a matsayin ta tasha, 480i. Sai ta tsaya haɗa gida biyun da babu su. Abin da ke biyo baya: jinkiri, hoto ya yi laushi in ana motsi, sannan duk abin da aka yi shi da ƙyaftawa firem ɗaya, wato hoto ɗaya, a kunne ɗaya a kashe, kamar inuwar ɗan wasa ko lokacin da aka buge shi, ko dai ya ɓace ko ya zama tsefe-tsefe. Ƙananan akwatunan nan masu mai da SCART (faffaɗan ramin nan na bayan talabijin) ko jan-fari-rawaya zuwa HDMI su ma haka suke yi, har sun fi muni.

Amma kai da kwamfuta za ka yi aiki, wannan matsalar ba ta shafe ka in ka zaɓi monitar zamani, tunda kwamfutar ce za ta faɗaɗa hoton da kanta.

Sarkin Faɗa:
Ni dai a gajarce: mai ƙeya. Firem ɗaya a 60 kashi 16.7 ne cikin dubu na daƙiƙa. A Street Fighter akwai haɗin duka da tagarsa firem ɗaya ko biyu ce. Talabijin ɗin falo in ba a sa ta a Game Mode ba tana iya cinye firem uku zuwa shida kafin ka ga abin da hannunka ya yi. Kwalba ba ta ajiye komai, yadda siginar ta shigo haka take zana ta.

Mai Lissafi:
Sarki, ranka ya daɗe, talabijin ɗin falo ka kayar, ba monitar gem ba. Monita mai 144Hz jinkirinta bai kai rabin firem ba. Mafi yawan jinkirin da mutane ke ɗora wa allo a kwamfuta yake, wurin jiran vsync, wato jiran allo ya gama zana hoto kafin a ba shi na gaba, da tara firem biyu ko uku a layi. Ka haɗa MAME da mai ƙeya ba tare da saiti ba, za ka sami jinkirin nan yana jiran ka.

Abin da ya fi jinkiri damuna shi ne sauri, kuma ba a cika maganarsa ba. Kusan babu gem ɗin da ke tafiya a 60 cif:

Pac-Man da Galaga 60.6
Street Fighter II 59.6
Neo Geo, wato Metal Slug da danginsa, 59.2
DoDonPachi 57.5
R-Type 55
Mortal Kombat 54.7

In allonka 60 kaɗai ya sani, hanya uku ce kuma duk da ƙaya. Ka bar gem ɗin a saurinsa ba vsync, hoto ya riƙa tsagewa a tsakiya. Ka kunna vsync, allon ya riƙa maimaita firem don cike giɓi. A Mortal Kombat wajen sau biyar kenan kowace daƙiƙa, ana ganin ƙasa tana tuntuɓe. Ko ka ɗaure gem ɗin da saurin allo, sai Mortal Kombat ya ƙara gudu da kusan kashi goma cikin ɗari, sauti ya siranta, lokacin duka ya canza. A Neo Geo ƙarin bai kai kashi ɗaya da rabi ba, da yawa ba za su lura ba. A Mortal Kombat kowa zai lura.

Maganin a ɓangaren zamani shi ne FreeSync ko G-Sync, inda allon ke bin saurin gem ɗin. Yawancinsu daga 48 suke farawa, ka ga 54.7 ya shiga ciki. Don haka in za a sayi shafaffen allo don wannan aikin, wannan ne sharaɗi na farko, kafin girma, kafin launi.

Sarkin Faɗa:
Na yarda da lissafin. Amma ka faɗa masa ɗaya gefen. Ka sa Metal Slug yana gudu, ka bi rubutun bango da ido. A kwalba za ka karanta shi, a LCD, wato shafaffen allo, ya zama kunu. Dalili: kwalba walƙiya take yi ta mutu, LCD kuwa riƙe firem take yi har na gaba ya zo, idonka yana tafiya hoton yana tsaye. Saurin 144 ba ya gyara wannan tunda gem ɗin wajen 60 yake bayarwa.

Mai Lissafi:
Gaskiyarka, nan kam kwalba ta yi gaba. Ana rage shi da saka baƙin firem tsakani a 120Hz, amma haske yakan ragu da rabi, kuma a monitoci da yawa ƙyaftawar fitilar baya ba ta tafiya tare da FreeSync. Sai ka zaɓi ɗaya.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. To Baba, in na ce mai ƙeyar, kowacce na samu ta yi? Kuma yaya ake haɗa ta da kwamfuta, tunda ba ta da ramin VGA?

Baba Mai Dalma:
A'a, ba kowacce ba. Fara da juya ta ka duba bayanta.

Mafi kyau ita ce mai ramin SCART da ke karɓar RGB, wato ja, kore da shuɗi kowanne da wayarsa. In ramukan biyu ne ko uku, galibi na farko ne kawai ke da RGB, sauran kamanni ne. Mai bi masa ita ce mai ramuka uku kore-shuɗi-ja na YPbPr. Hotonta kusan ɗaya ne, amma sai ka sa akwatin da ke juya RGB zuwa YPbPr ba tare da taɓa yawan layi ba. Sai S-Video, ba laifi. Rawayar waya ita ce ƙarshe: launi na zuba cikin juna, ƙananan rubutu na rawa. Ramin eriya kuwa kada ma a kawo shi.

Abin gudu: duk wadda aka rubuta 100Hz a jikinta, da masu ƙeyar ƙarshen zamani da ke karɓar HD. Waɗannan suna mai da hoton na dijital a ciki, sai ka ɗauki nauyin kwalba kuma ka sami jinkirin da kake gudu. Haka masu faɗin 16:9, ba ka buƙatarsu. Gem ɗinka duka 4:3 ne.

Girma: a tebur inci 20 ko 21 ya isa, nauyinta wajen kilo 20 zuwa 25. Mai inci 29, irin girman da ke cikin akwatin Astro City na Sega, takan haura kilo 40, kuma nauyin duk a gaba yake wurin gilashi. Teburin katako mara ƙarfi zai lanƙwashe, kuma in ka zauna kusa da ita ƙwarai wuyanka zai gaya maka.

Wayar VGA zuwa SCART kuwa ga yadda take. Ƙafa ta 1, 2, 3 na VGA su ne ja, kore, shuɗi, suna tafiya ƙafa ta 15, 11, 7 na SCART. Sink, wato siginar da ke daidaita zanen hoto, na kwance da na tsaye, ƙafa 13 da 14 a VGA, sai an haɗe su su zama ɗaya sannan su shiga ƙafa 20. Kada ka tura shi kai tsaye, bolt 5 yake fitowa. Sa masa resisto 470 a hanya. Ƙafa 16 tana son bolt 1 zuwa 3 kafin talabijin ta yarda ta koma RGB: ɗauko bolt 5 daga USB, ka bi da shi ta resisto 180, zai sauka wajen ɗaya da rabi. In ka manta wannan za ka ga allo baƙi alhali komai daidai ne, ka yi ta zargin kwamfuta. Ƙafa 8 in ta sami bolt 12 talabijin na shiga AV da kanta a 4:3. In bolt 5 ka ba ta, wasu za su matse hoton su ɗauka 16:9 ne. Bar ta a sake ya fi, ka canza da rimot.

Injiniya Mairo:
Waya rabin aikin ce, Baba. Kwamfuta ba ta fitar da 15kHz haka kawai, mafi ƙanƙantar abin da ta saba shi ne 31kHz. Ana buƙatar abu uku. Katin hoto na AMD na da, irin HD 5450 ko HD 6450, mai ramin VGA ko DVI-I. DVI-D ba ya ɗauke da siginar analog, adafta ba za ta ƙirƙiro ta ba. Sai direban CRT Emudriver a Windows, ko a ɗauki GroovyArcade a Linux. Sai GroovyMAME maimakon MAME na yau da kullum, shi ne ke sauya yawan layi da sauri ga kowane gem, ya ba Neo Geo 59.2 ɗinsa, ya ba R-Type 55 ɗinsa. Yana kuma da saitin frame delay da ke rage jinkirin da Malam Mai Lissafi ya ambata. A fara da ƙaramin adadi a riƙa ɗagawa har sauti ya fara karyewa, sai a koma baya da ɗaya.

Gargaɗi: lokacin da kwamfuta ke tashi, kafin direba ya hau, 31kHz take fitarwa. Wasu talabijin za su nuna hoto biyu a karkace kawai, amma tsofaffin fanel, musamman na monitar akwatin gem, suna iya ƙona tiransiston kwance. Ka kunna kwamfuta tukuna, in ta gama tashi sannan ka kunna allon. Saitin farko kuma a monita ta daban ake yin sa.

Sai wata ƙaya da ta shafi jerinka kai tsaye. Raba 15,700 da 60.6, za ka sami layi wajen 260, a cire na komawar bindigar da ke zana hoto a kwalba saura wajen 240. Pac-Man a allon da ke kwance layi 288 yake nema. Ba za su shiga ba. Manhajar ko ta koma 480i hoton ya riƙa ƙyalli, ko ta sauke sauri zuwa wajen 50 gem ɗin ya yi sanyi. Wato mai ƙeya guda a kwance za ta yi maka uku cikin biyar da kyau, biyun kuma a daddafe.

Mortal Kombat shi ma yana da halinsa. In an saita tsayin hoton don layi 224, sama da ƙasansa za su fita waje. Sannan 54.7 yana tsakanin 50 da 60, wasu talabijin sai su rasa gidan da za su sa shi, hoton ya yi birgima ko tsayinsa ya yi tsalle. Ba a gane wannan sai an gwada.

Sarkin Harbi:
Hajiya Mairo ta zo inda nake jira. Gem na tsaye a juya masa allo, shi ke nan. In ka kwantar da talabijin a gefenta, Pac-Man ya koma layi 224 kamar yadda aka yi shi, layukan baƙin suna sauka daga sama zuwa ƙasa. Kuma ba su biyu kaɗai ba ne: Donkey Kong, 1942, Raiden, DoDonPachi, duk a tsaye suke. Taito har akwati ta yi, Egret II, mai juyawa saboda haka.

Juyawa kullum wahala ce, don haka dabarar ita ce allo biyu: inci 21 a kwance, ƙaramar inci 14 a gefenta dindindin. Yadda ake yi: a kashe, a zare wuta, a juya, a tokare ta da katako don jikinta ba a miƙe yake ba, a tabbata ramukan shan iska ba su toshe ba. A bar ta minti ashirin zuwa talatin kafin a kunna. Dalili, juyawar na sauya yadda maganaɗisun ƙasa ke ratsa ta, sai kusurwa ta yi shunayya ko kore. Akwai waya zagaye da kwalbar mai wanke wannan duk lokacin da aka kunna, wannan "buum" ɗin da ake ji, amma ba ta aiki sai abin da ke sarrafa ta ya huce. In tabon bai fita a karo ɗaya ba a maimaita. A kuma nisanta lasifika daga jikinta.

Ba duk gem ke juyawa ɓangare ɗaya ba, amma a MAME wannan ba damuwa, saitin autoror ko autorol zai daidaita su da yadda ka kwantar da ita.

Ɗan Birni:
Ba wanda ya ambaci PVM, mai ƙeyar ƙwararru? Ai ita ce ƙarshen magana. Sony PVM ko BVM, RGB kai tsaye ta BNC, PVM-20M4 layi 800 take warwarewa.

Baba Mai Dalma:
Kyakkyawa ce, ba musu. Tana riƙe sink mai taurin kai fiye da talabijin ɗin gida, kuma jikinta murabba'i ne, tana zama a gefe ba tokari. Amma don ɗakin tace bidiyo aka yi ta. Akwatunan gem monitocin Wells-Gardner, Electrohome, Hantarex da Nanao ke cikinsu, masu raga mai ɗan kauri, hotonsu mai haske da laushi. PVM mai layi 800 kaifinta ya wuce kima, baƙaƙen layukan su yi kauri kamar labulen kara. Wasu na so, amma talabijin ɗin gida mai RGB ta fi kusa da kamannin asali. Wanda ya samu ya riƙe: ya danna EXT SYNC in sink ɗinsa a waya ta daban yake, kuma in ramukan fita ba masu rufe kansu ba ne ya toshe su da murfin 75, in ba haka ba fari zai ƙone hoton.

Tunda duk mai ƙeyar da za ka samu yanzu ta sha jiki, ga abin dubawa kafin ka ɗauka. Ka je da abin da zai nuna 240p Test Suite, manhajar gwajin allo, ko aƙalla fari zalla, ja zalla, da hoton raga. A fari ka nemi inuwar tambarin tasha ko rubutu da ya ƙone a gilashi. Wannan ba ya gyaruwa. A raga ka duba kusurwoyi, in farin layi ya rabu ja da shuɗi kaɗan a can gefe, haka suke, in a tsakiya ne akwai aiki. Ka bar ta ta yi minti goma sha biyar. Wadda ke daɗewa kafin ta yi haske, ko fari na zubo da jela ta dama in an ƙara haske, kwalbarta ta gaji, bar ta. Saman hoto ya naɗe ko layuka sun bayyana a sama, kafasitocin ɓangaren tsaye ne, gyara mai sauƙi. Hoto na zuwa yana ɗaukewa in an bubbuga jikinta, dalma ce ta tsage. Siraran layuka a karkace a kan hoto mai hazo, an ɗaga maɓallin screen na jikin filaibak, wato taransifoman da ke ba kwalba babbar wuta, da yawa. Ƙarar tsartsatsi da warin wuta, filaibak ɗin ne ke yoyo. In kuwa hoton ya taru ya zama layi ɗaya mai haske a tsakiya, kashe nan take, zai zana wa gilashin tabo na har abada.

Kuma ka ji da kyau: kada ka buɗe bayanta. Ƙarƙashin robar nan mai kama da kofi akwai bolt wajen dubu 25, kwalbar na riƙe caji bayan an zare wuta, babban kafasiton wuta shi ma haka. Wuyan kwalbar gilashi ne siriri. Gyaran ciki na mai gyara ne. Girma da matsayin hoto yawanci ana saita su ta ɓoyayyen menu da rimot. Rubuta kowace lamba a takarda kafin ka taɓa ta, don babu maɓallin komawa. Tsirarar monitar akwatin gem kuwa ba ta tebur ba ce sam, da yawansu sai da taransifoman raba wuta, in babu shi ƙarfen jikinsu na iya ɗaukar wuta.

Mai Lissafi:
To ga ɗaya hanyar dalla-dalla, don ya auna.

Inci 27, 2560 da 1440, allo nau'in IPS, FreeSync, da ƙafar da ke juyawa tsaye. Me ya sa 1440? Saboda ninki. Layi 240 sau shida 1440 ne cif. 224 sau shida 1344, saura ɗan baƙi sama da ƙasa. 288 na Pac-Man sau biyar 1440 ne cif ko ba ka juya ba. A 1080 kuwa 240 sau huɗu da rabi ne, sai wasu layuka su fi wasu kauri, in ka kunna layukan baƙi kuma abin ya fito fili kamar taguwar ruwa. A 4K, 240 sau tara ne, kuma a nan ne matatun kwaikwayon kwalba irin crt-guest-advanced ko CRT-Royale ke samun isassun ɗigo su zana ragar.

Ninkin a tsaye kawai ake tsare shi. Street Fighter II 384 da 224 ne, in ka ninka shi daidai kowane gefe Ryu zai yi ƙiba, domin ɗigonsa ba murabba'i ba ne, 4:3 aka nufa. A mame.ini, fayil ɗin saitin MAME: keepaspect 1, unevenstretch 0, unevenstretchx 1. Don FreeSync ya yi aiki: cikakken allo, waitvsync 0, syncrefresh 0, lowlatency 1, kuma ta DisplayPort ya fi tabbas.

Girman da za ka gani ba shi ne na kwali ba. Hoton 4:3 a allon 16:9 kusan kashi 82 cikin ɗari ne na abin da aka rubuta: inci 27 ya ba ka 22, inci 32 ya ba ka 26. Gem na tsaye ba a juya ba kashi 61 ne, inci 27 ya koma 16 da rabi. Juya shi ya dawo 22.

Monita mai allo nau'in TN kada ka kusance ta in za ka juya. Rauninta daga sama da ƙasa ne, in ta tsaya sai ya koma hagu da dama, ido ɗaya ya ga haske ɗaya ya ga duhu. VA baƙinta ya fi, amma tana jan jela a wurin duhu, taurarin Galaga da harsasai su dusashe in suna tafiya. OLED ta fi kowa baƙi da saurin ɗigo, sai dai HIGH SCORE da sandar rai ba sa motsi, a yi hattara da barin gem ɗaya a kunne yini guda.

Tsofaffin monitocin ofis: masu 1280 da 1024 ba 4:3 ba ne, 5:4 ne. Masu 1600 da 1200 su ne 4:3 na gaske, 240 sau biyar, amma 60 kawai suka sani, mun koma matsalar Mortal Kombat.

Injiniya Mairo:
A lura, katin da ya dace da hanya ɗaya bai dace da ɗayar ba. HD 5450 ba shi da FreeSync, sababbin katuna kuma ba su da analog. A yanke shawarar allo kafin a sayi kati.

Akwai hanya ta uku da aka tsallake: tsohuwar monitar kwamfuta mai ƙeya, inci 17 ko 19. VGA kai tsaye, ba haɗa waya, ba jinkiri, motsi tsaf, kuma tana bin kowane sauri. Ba ta sauka ƙasa da 31kHz, don haka ko a ninka layi zuwa 480 a baƙanta ɗaya bayan ɗaya, ko a ba ta 240 a 120Hz tare da baƙin firem tsakani. In babu baƙin firem abin da ke motsi zai fito biyu-biyu. Layi 288 ba ya gagarar ta, Pac-Man zai zauna ba juyawa. Aibinta kaifi da ƙarancin haske, kamanninta ya fi kusa da PVM. Ita ce kuma daidai ga gem ɗin baya-baya irin na na'urar Naomi ta Sega masu 640 da 480.

Sabon Shiga:
Tambaya biyu ƙanana. Gem ɗin bindiga fa? Kuma in wata rana na sami fanel na asali na cikin akwatin gem?

Sarkin Harbi:
Bindigar da, irin ta Time Crisis, walƙiyar layin kwalba take karantawa, ba ta gani a LCD ko a mai 100Hz. A shafaffen allo sai Sinden mai kyamara da farin zobe a gefen hoto, ko masu fitilun infrared irin Gun4IR da AimTrak. Asteroids da Tempest kuma wani jinsi ne, monitarsu zare take ja daga ɗigo zuwa ɗigo ba layi-layi ba. A 240p sukan yi muni, allo mai yawan ɗigo da baƙi sosai ya fi musu.

Baba Mai Dalma:
Fanel na asali yawanci JAMMA ne, baki mai ƙafa 56, sai da abin da ake kira supergun ya ba shi wuta ya fito da hoto. Launinsa na fitowa da ƙarfin bolt biyu zuwa sama, SCART kuwa 0.7 take so, sink ɗinsa ma mai ƙarfi ne. Supergun ɗin da bai rage su ba yana kashe na'ura. Auna bolt 5 a bakin fanel ɗin kansa, ba a jikin wutar ba. Da mai ƙeya mai RGB daga nan ka gama. Da LCD sai ka ƙara akwatin da ke mai da siginar da ta zama ta zamani, OSSC ko RetroTINK, a tsakani. OSSC ninka layi kawai yake, ba jinkirin kirki, amma saurin da ya shigo shi ke fita, allon da bai san 54.7 ba zai ce babu sigina. RetroTINK 5X na iya mai da shi 60, ka biya da ɗan jinkiri da tuntuɓen da Malam Mai Lissafi ya bayyana.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Ga inda na tsaya: tunda tebur ɗaya ne kuma gem ɗin sun rabu tsaye da kwance, zan fara da inci 27 mai 1440 da FreeSync da ƙafar juyawa. In na ci karo da mai ƙeya inci 21 mai SCART da ta tsallake gwajin Baba, sai in ware mata ƙaramar kwamfuta da katin AMD don Street Fighter da Metal Slug.

Sarkin Faɗa:
Za ka dawo gare mu ne. Ka bar mata wuri a teburin tun yanzu, zurfinta ya kusa rabin mita.

Mai Lissafi:
Kafin ka biya, duba takardar monitar ka ga daga nawa FreeSync ɗinta ya fara, kuma a wane rami, don wasu faɗinsa a HDMI ya fi ƙunci. In ta iso, buɗe menu ɗinta inda take nuna saurin da take kai, ka kunna Mortal Kombat. In ka ga lambar na yawo tsakanin 54 da 55, ko ninkinsa wajen 109, ya kama. In ta tsaya a 144 ko 60, duba ko MAME a taga yake maimakon cikakken allo, sannan ka rage overdrive, saitin hanzarta sauyin launin ɗigo, zuwa matsakaici, don a wannan saurin mafi ƙarfinsa na barin farar inuwa a bayan duk abin da ke motsi.